Ranar Da Ɗakin Ibada Ya Koma Gidan Haya

  

Ya 'yan'uwa masu karatun wannan fili, maganarmu ta wannan mako daga ƙasar Ingila za ta taso, amma a ƙofar masallatanmu za ta tsaya. A arewacin Ingila, cikin lardin Durham, akwai wani kwari da kogin Tees ya ratsa, ana kiransa Teesdale. A cikin kwarin nan akwai wani ɗan ƙauye mai suna Newbiggin. A shekarar 1759 waɗansu talakawa na wannan wuri, yawancinsu masu haƙar darma a cikin duwatsu, suka haɗa ɗan abin hannunsu suka sayi fili, suka gina majami'a, aka buɗe ta a 1760. Mabiya ɗarikar Kirista ne da ake kira Metodis. Shugaban ɗarikar da kansa, John Wesley, ya yi wa'azi a cikinta. An daɗe ana cewa a duniya duka babu majami'ar Metodis da ta fi ta daɗewa ana ibada a cikinta ba tare da yankewa ba. A shekarar 2017 aka yi taron ibada na ƙarshe, aka rufe ƙofa, aka sayar da ginin. Wanda ya saya ya gyara shi ya mai da shi gida, ana ba da hayarsa ga masu zuwa hutu. Watau inda aka shekara 257 ana durƙuso da addu'a, sai ga gadaje da tukwane.

Tambayar da muke so mu duba ita ce: wurin da mutane suka keɓe domin bautar Ubangiji, idan masu bautar suka watse, mece ce makomarsa? Daidai ne a mai da shi wurin kwana? Da a ce masallaci ne, me Shari'a ta ce? Kuma Musulmin da ya ji wannan labari, da wane irin zuciya ya kamata ya karɓe shi?

ASALIN MUTANEN DA GININSU

Kafin a yanke hukunci a kan abu, wajibi ne a san shi. An haifi John Wesley a 1703, ya mutu a 1791. Limamin cocin gwamnatin Ingila ne, amma ya ga cewa talakawa, masu aikin haƙar ma'adinai da masu saƙa da leburorin masana'antu, cocin ba ta kai gare su. Tun suna jami'ar Oxford, shi da ƙanensa Charles da abokansu suka tsara wa kansu lokutan karatu da azumi da ziyarar fursunoni, har ɗalibai suka laƙaba musu sunan Metodis don ba'a, watau masu bin tsari. A 1739 ya fara fita yana wa'azi a fili a birnin Bristol, kuma a shekarar nan ce aka gina ɗakin taronsu na farko a wannan birni, wanda yana nan har yanzu. Masu rubuta tarihinsa sun ƙiyasta cewa ya yi wa'azi wajen sau 40,000, yawancin tafiyarsa kuwa a kan doki. Ya karkasa mabiyansa ƙungiya-ƙungiya, mutum wajen 12 a kowace, suna haɗuwa mako-mako, kowa yana ba da kwabo ɗaya. Da irin wannan kwabo-kwabo aka gina majami'u dubbai a ƙauyukan Ingila da Wales.

Wanda ya dubi ginin zai karanta aƙidar masu shi a jikinsa. Manyan coci-cocin Turai dogaye ne, masu hasumiya da gumaka da zane-zane, idon mai shiga yana tafiya ne can ƙurya wajen teburin da limami ke tsayawa. Majami'ar Metodis ta farko ba haka take ba. Ɗaki ne mai kusurwa huɗu, da dutsen wurin ko jan bulo, ba hasumiya, ba gumaka, bango farin fenti. Tagoginsa dogaye ne masu farin gilashi, domin haske ya shiga kowa ya iya karanta littafin da ke hannunsa. Mumbari yana tsakiyar bangon gaba, a ɗage, domin wa'azi shi ne jigon ibadarsu. A manyan majami'u akan yi bene wanda ya zagaye bango uku, bisa ginshiƙan ƙarfe, don mutane da yawa su samu wurin zama kusa da mai wa'azi. Wesley ya so gini mai kusurwa 8 saboda murya ta fi kaiwa ko'ina, kuma irin wannan yana nan a garin Heptonstall, an gina shi a 1764. A goshin ginin sukan sassaƙa shekarar da aka gina shi, a gindin bango kuma duwatsu masu ɗauke da sunayen waɗanda suka ba da gudummawa. Kusan kowace tana da ɗakin karatun yara a gefe ko a ƙasa, inda 'ya'yan talakawa da yawa suka fara koyon karatu ran Lahadi. Sai daga wajen 1850, da mabiyan suka yi arziki, suka soma kwaikwayon manyan coci-coci da ƙofofi masu tsini da gilashi mai launi.

ABIN DA YA WATSE SU

To, me ya cinye wannan jama'a? Ba yaƙi aka yi ba, ba wani sarki ya hana su ibada ba, ba kuma gobara ko girgizar ƙasa ba. Abubuwa uku ne suka taru.

Na farko, abinci ya ƙare a wurin. Daga wajen 1880 farashin darma ya faɗi saboda ana shigo da mai araha daga ƙasashen waje, musamman Sifen. Babban kamfanin da ke haƙa a Teesdale ya naɗe kayansa a 1905. Samari suka bi aiki zuwa birane da ramukan kwal, waɗansu suka ƙetare teku. Haka ya faru a Cornwall, can kudu maso yamma, da aikin kuza da tagulla ya mutu.

Na biyu, rarrabuwa. Bayan mutuwar Wesley mabiyansa suka fita daga cocin gwamnati, sa'an nan suka dare gida-gida a tsakaninsu, kowane ɓangare yana cewa shi ne a kan tafarkin asali. Kowane ɓangare kuwa sai ya gina tasa majami'a, har ya zama ƙauyen da bai fi ƙarfin ɗaya ba yana da biyu ko uku, wata tana kallon wata. A 1932 manyan ɓangarori uku suka sake haɗewa, sai aka wayi gari da gine-gine fiye da bukata, kowane yana neman kuɗin rufi da na wutar jin ɗumi.

Na uku, kuma shi ne babba, 'ya'ya ba su gaji iyaye ba. A farkon ƙarni na 20 'yan ɗarikar da ke cikin rajista a Birtaniya sun kai wajen 800,000. A 2016 sun koma 188,000. Abin kuma bai tsaya a kansu kaɗai ba. A ƙidayar jama'ar Ingila da Wales ta 2011, kashi 59 cikin 100 suka ce su Kirista ne. A ta 2021 suka koma kashi 46, waɗanda suka ce ba su da addini ko kaɗan kuwa suka kai kashi 37. Ɗakin da aka gina wa mutum 200, in ya rage tsofaffi biyar ko shida ke zuwa, ga rufi yana yoyo, ga sanyin ƙasar, ƙarshensa sananne ne.

YADDA AKE MAI DA SHI GIDA

Majami'un Metodis ba mallakar mutum ɗaya ba ne. Suna hannun amintattu ne bisa wata takardar amana, kuma in an sayar kuɗin yana komawa aikin ɗarikar. Da yawa daga cikin tsofaffin suna cikin jerin gine-ginen tarihi da dokar Ingila ta kare, tsarin da aka kafa bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Wanda ya sayi irin wannan gini ba shi da ikon rushe shi, ko sāke fuskarsa, ko toshe taga, sai da izinin hukuma. Saboda haka daga waje ginin yana nan yadda yake, har da shekararsa a goshi. A ciki ne ake aikin. Akan kwashe bencina, a raba tsawon ɗakin biyu da sabon daɓe, wanda sau da yawa yakan ratsa tsakiyar dogayen tagogin nan. Bene ya zama ɗakunan kwana, ƙasa ta zama falo da madafa, ɗakin karatun yara ya zama makewayi ko ma'ajiya. Wani lokaci hukuma takan ce a bar mumbari a wurinsa, sai ka ga masu gida sun jera littattafai ko tukwanen furanni a kansa.

Akwai wani abu da ya kamata a yaba wa mutanen nan. Tun asali an san su da ƙin giya da caca. Saboda haka shekaru da yawa, in za su sayar da majami'a, sukan rubuta sharaɗi a takardar ciniki cewa ba za a sayar da giya a wurin ba, ba za a yi caca ba, ba za a mai da shi gidan rawa ba. Wannan ya nuna ko a ranar rabuwa zuciyarsu tana jin cewa wurin yana da wata alfarma. Duk da haka ba ko'ina aka tsira ba. A birnin Sheffield akwai wata babbar majami'arsu a titin Carver, ta farkon ƙarni na 19, wadda daga baya aka mai da ita mashaya.

A nan mutanen Ingila kansu sun kasu biyu. Waɗansu suna cewa cin amana ne: talakawa sun hana cikinsu sun gina don Allah, yanzu mai kuɗi daga birni yana barci a inda aka yi wa kakanninsu addu'ar jana'iza. Waɗansu kuma suna cewa ginin da ba kowa a cikinsa kango yake zama, gara a zauna a ciki a riƙa gyara rufinsa da a bar shi ya faɗi, balle ga mutane suna neman muhalli. A ganinmu, in an auna da ma'aunin addininsu, masu magana ta biyu sun fi kusa da gaskiya. Wesley a fili ya fara, a bakin ramukan ma'adinai da kasuwanni, kuma ɗarikarsa ba ta ɗauki ginin da kansa abu mai tsarki ba, jama'ar da ke cikinsa ta ɗauka. Gidan da iyali za su zauna ya fi kango, ya kuma fi mashaya nesa ba kusa ba. Asarar gaskiya ba ranar da magini ya shigo da awonsa aka yi ta ba. An yi ta tun ranar da yaro na ƙarshe ya daina bin ubansa zuwa wurin.

DA A CE MASALLACI NE

Yanzu sai mu juyo ga namu. A Shari'a, wanda ya gina masallaci ya buɗe wa jama'a, ya fita daga mallakarsa ya zama waƙafi, wanda malamanmu na Malikiyya suka fi kira hubusi. Asalin hukuncin waƙafi yana cikin labarin gonar da Sayyidina Umar ya samu a Haibara, wadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba shi shawarar ya tsare asalinta ya yi sadaka da amfaninta, Umar kuwa ya shar'anta kada a sayar, kada a yi kyauta da ita, kada a gada. Suratul Jinni, aya ta 18, ta kuma tabbatar da cewa masallatai na Allah ne.

To, in garin ya tashi, masallaci ya zama ba mai salla a cikinsa fa? Malamai sun yi saɓani. Imamu Malik da Imamu Shafi'i suna ganin ba a sayar da shi ko da ya rushe, filinsa masallaci ne har abada, gama mai yiwuwa ne wata rana mutane su dawo, ko matafiyi ya ratsa ya yi salla. Malaman Malikiyya sun yarda a kwashi itacensa da duwatsunsa a yi wa wani masallaci aiki da su in ana tsoron su lalace. A mazhabar Hanafiyya, Abu Yusuf yana tare da wannan ra'ayi na dawwama, amma abokinsa Muhammad ɗan Hasan Shaibani yana ganin filin yana komawa ga wanda ya yi waƙafin ko magadansa, tun da dalilin keɓe shi ya gushe. Imamu Ahmad ɗan Hambali kuwa ya halatta a sayar a sa kuɗin cikin wani masallaci, kuma Ibnu Ƙudama da Ibnu Taimiyya sun ƙarfafa wannan. Hujjarsu ita ce abin da ya faru a Kufa zamanin Sayyidina Umar. Ɓarayi sun fasa baitulmali, sai Umar ya rubuta cewa a ɗauke masallacin daga inda yake a kai shi wani wuri, a sa baitulmali ta wajen alƙiblarsa. Tsohon filin masallacin ya zama kasuwar masu dabino, sahabbai suna gani ba wanda ya musa.

Ya ɗan'uwa mai karatu, dubi dalilin da Umar ya bayar na wannan umurni. Ya ce a jingina baitulmali da masallaci ne domin masallaci ba ya rabuwa da mai salla a cikinsa, dare ko rana. Watau a zamaninsu yawan masu ibada ya isa ya zama gadin dukiyar Musulmi. Mu a yau, masallacin ne muke kullewa da kwaɗo bayan sallar isha'i don kada a sace agogo da na'urar lasifika.

Abin da za a fahimta daga wannan saɓani shi ne, malamai duka sun haɗu a kan cewa abin da aka ba Allah ba ya komawa abin wasa ko abin cin ribar wani. Masu hana sayarwa suna tsare alfarmar wurin, masu halattawa suna tsare manufar mai waƙafi, watau a ci gaba da salla ko da a wani wuri ne. Amma akwai abin da fiƙihu ba zai iya yi ba. Zai iya hana a sa gado a cikin masallaci. Ba zai iya cika sahu ba. Masallacin da jemagu da tantabaru suka gaje, wanda alƙali ya hana a sayar, hukuncinsa ya tsaya, amma ladan da mai ginin ya yi fata ya yanke.

DA WACE ZUCIYA ZA MU KARƁA

Akwai Musulmin da in ya ji an rufe coci a Turai sai ya yi murna, ya ce addininsu ya mutu. Wannan gajeren tunani ne. A Suratul Hajji, aya ta 40, Allah Ya ambaci wuraren ibadar ruhubanawa da na Nasara da na Yahudu tare da masallatai, a cikin abubuwan da Yake karewa daga rushewa ta hanyar tunkuɗe waɗansu mutane da waɗansu. Masu tarihi kuma sun ruwaito cewa sa'ad da Sayyidina Umar ya karɓi Baitul Muƙaddas, ya ƙi yin salla a cikin babbar cocin garin don kada Musulmi su ƙwace ta daga baya. Sa'an nan a duba, waɗanda suka bar majami'un nan, ina suka tafi? Mafi yawansu ba wani addini suka koma ba, barin addini suka yi ɗungum. Mutumin da ya yarda akwai Ubangiji, akwai hisabi, yana ƙin giya da caca, ya fi kusa da mu bisa ga wanda ya ce babu kome bayan kabari. Iskar da ta kwashe 'ya'yansu kuwa ba ta tambayar sunan addini, kuma tana kaɗawa a kan 'ya'yan Musulmin da ke zaune a can, tana kuma shigowa gidajenmu a nan ta cikin wayar da ke hannun kowane yaro.

Gaskiya ne waɗansu daga cikin gine-ginen nan sun zama masallatai, ta hanyar ciniki da yardar masu su. A unguwar Didsbury ta birnin Mancesta, majami'ar Metodis da aka buɗe a 1883 aka rufe a 1962, Musulmi suka saye ta a 1967. A Landan, a titin Brick Lane, akwai wani gini da ya isa wa'azi shi kaɗai. Kiristocin Faransa 'yan gudun hijira suka gina shi a 1743. A 1819 ya koma hannun Metodis. A ƙarshen ƙarni na 19 Yahudawan da suka gudo daga gabashin Turai suka mai da shi wurin ibadarsu. A 1976 Musulmi 'yan Bangaladash suka mai da shi masallacin Juma'a. A bangonsa akwai agogon rana tun na masu ginin farko, da rubutun Latin mai ma'anar cewa mutane inuwa ne. Jama'a uku sun shige kafin mu, kowace tana tsammanin ta zauna ke nan. Wa ya ba ta huɗu takardar tabbata?

Salla a irin waɗannan wurare ba ta da laifi in an tsarkake su, gama an sanya wa wannan al'umma ƙasa duka ta zama masallaci, kamar yadda ya zo a hadisin Jabir. Buhari ya kawo cewa Ibnu Abbas yakan yi salla a coci in babu gumaka a ciki, majami'un Metodis kuwa galibi ba su da su. Haka kuma Musulmin da ya sayi irin wannan gini daga masu shi don ya zauna, cinikinsa ciniki ne. Sai dai ya kiyaye kaburburan da ke harabar in akwai, kada ya wulaƙanta su, ya tuna Manzon Allah ya miƙe tsaye sa'ad da aka wuce da gawar Bayahude, ya nuna cewa ita ma rai ce.

Kada kuma mu manta namu sun taɓa fita daga hannunmu. Babban masallacin Ƙurɗuba a Andalus, wanda aka fara ginawa a 785, ya zama coci a 1236, har yau kuwa haka yake. Amma wannan da takobi aka karɓa, bayan sarakunan Musulmi sun rarrabu suna yaƙar juna. Na Newbiggin ba wanda ya zare takobi. A cikin biyun, na biyu ya fi ban tsoro, domin abokin gaban da ke zuwa da runduna ana ganin ƙurarsa tun daga nesa, a yi shiri. Wanda ke zuwa ta hanyar sakaci kuwa, sai ya gama aiki ake sani.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Masallatanmu a yau cike suke, alhamdu lillahi, ran Juma'a har kan titi. Na Metodis ma haka suke a 1860, har suna rushe bango suna ƙara faɗi. Sai mu ɗauki abubuwa ukun nan da suka watse su mu auna kanmu.

Rarrabuwa: unguwa nawa ce a garuruwanmu da ke da masallatai biyu ko uku a jere, lasifikar wannan tana shiga ta wancan, ba don jama'a ta yi yawa ba sai don wane ba ya bin wane salla? Malamanmu na Malikiyya sun tsananta a kan yawaita masallatan Juma'a a gari ɗaya ba da larura ba, suka ce Juma'a ta tsohon masallaci ce. Suratut Tauba, aya ta 107 da ta 108, ta ba da labarin masallacin da aka gina don raba kan muminai, aka hana Manzon Allah tsayuwa a cikinsa. Duk ginin da gaba ta kafa harsashinsa, ranar da masu gabar suka mutu, jikokinsu za su rasa abin da za su yi da shi.

Abinci: ƙauyen da samarinsa suka tafi birni ci-rani ba su dawo ba, ko rashin tsaro ya tashe shi, masallacinsa kango ne ko da an yi masa rufin kwano. Saboda haka mai kuɗin da ke son lada, kafin ya ƙara masallaci na huɗu a unguwa, ya duba ko rijiya, ko makaranta, ko jarin da zai riƙe samari a garinsu ya fi. Wanda ya gina kuma ya yi masa waƙafin shago ko gona, yadda magabata suke yi, don a samu abin gyara da abin biyan liman da ladan.

'Ya'ya: wannan shi ne tushe. Suratut Tauba, aya ta 18, ta bayyana cewa masu raya masallatan Allah su ne masu imani da Shi da ranar lahira, masu tsai da salla da ba da zakka, waɗanda ba su tsoron kowa sai Shi. Ba a ambaci siminti ko tayil a ciki ba. Masallacin Manzon Allah da tubalin laka aka gina shi, ginshiƙansa kututturan dabino, rufinsa ganyen dabino, har in an yi ruwa akan ga laka a goshinsa mai albarka. Daga cikin wannan ɗaki aka fitar da mutanen da suka kai addini Sham da Masar da Farisa. An kuma ruwaito daga Anas cewa alfahari da gine-ginen masallatai yana cikin alamomin tashin kiyama. To, dattijon da ke korar yara daga masallaci da tsawa da bulala, ya sani sahun shekara 30 masu zuwa yake kora. A ja su a jiki, a koya musu ladabi da sauƙi, a amsa tambayoyinsu ba da zagi ba.

Akwai kuma darasi ɗaya da za mu ɗauka daga Turawan nan ta fuskar kiyaye kayan tarihi. Su sun rasa masu ibada, amma sun hana a taɓa ginin. Mu muna da masu ibada, amma da zarar kuɗi ya samu sai mu rushe aikin kakanni mu zuba kankare. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani ya gina wajen shekarun 1830 da bakan gizo na laka, har masana gine-gine na duniya suke zuwa kallo, wani sashe nasa ne ya tsira, a cikin sabon ginin da aka lulluɓe shi da shi a shekarun 1970. Tsofaffin masallatai nawa ne a ƙasar Hausa suka tafi ba ko hoto? Ginin magabata shaida ne ga yaro cewa addinin nan ba jiya ya zo garinsu ba. Riƙe jama'a shi ne farilla, amma riƙe ginin ma yana taimakon farillar.

A ƙarshen Suratu Muhammad Allah Ya yi gargaɗi cewa in mutane suka juya baya zai musanya su da waɗansu, sa'an nan waɗancan ba za su zama irinsu ba. Alkawarin kiyaye addini ga addinin aka yi shi, ba a yi wa wani gari ko wata unguwa ko wani gini ba. Kowane mai karatu ya dubi sahun asuba a masallacin unguwarsu gobe, ya ƙirga masu furfura, ya ƙirga samari, sa'an nan ya tambayi kansa wa zai buɗe ƙofar nan bayan shekara 40.

Allah Ya raya masallatanmu da mu da zuriyarmu, Ya haɗa kan Musulmi, Ya shiryi waɗanda suka ɓace, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, Ya sa mu cika da imani. Amin.